Malam Ilu da Littafin Barira

Abokina Malam Ilu, mai koyar da kimiyya a sakandaren garinmu, Allah Ya haɗa shi da wani aji na 'yan ƙwaƙwa. Me ya sa kaza ba ta fitsari? Ina wutar kyandir take tafiya in an hure ta? Don me in mutum ɗaya ya yi hamma sai na kusa da shi ya kama? Shi kuwa son yaran nan yake kamar me, kullum sai ya ishe mu da labarinsu a ofishin malamai. Sai dai gogan yana da dabara. Duk tambayar da ta fi ƙarfinsa, sai ya gyara hula ya ce, "Madalla! Rubuta ki ajiye, za mu zo kanta kafin ku fita makarantar nan." Shekara uku yana cin kasuwarsa a haka.

Ranar bikin yaye ɗalibai iyaye suka cika rumfa, ga liman, ga shugaban makaranta riƙe da shaddar da za a ba gwarzon malami. Aka kira Malam Ilu. Daɗi ya kwashe shi, ya karɓi lasifika har da ƙwalla, ya ce, "Wallahi rabuwa da yaran nan ciwo ne. Shekara uku, ba wanda ya taɓa tambayata ya tafi hannu rabbana!"

Ana cikin tafi sai ga hannu a sama. Barira ce, uwar 'yan tambayar ajin, rungume da wani littafi da ya sha jiki har bangonsa ya fita. Ni da na san dawar garin sai na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Malam, ga waɗanda ka ce mu rubuta mu ajiye. Guda ɗari biyu da sha huɗu ne. Ka ce kafin mu fita, ga shi yau za mu fita. In fara da ta kaza?"

Shugaba ya janye shaddar ya maƙale a hammata. Malam Ilu ya dake, ya gyara hula.

"Ke Barira, garajen me? Kin ga sakamakon jarrabawarki ne, da kike cewa kin fita?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Barira ta bari aka lafa, ta ɗan rusuna.

"Haka ne, Malam. Ai na faɗa wa Baba, in na faɗi ajinka zan dawo. Har ya sayo mini sabon littafi mai shafi tamanin."

Malam Ilu ya juya wajen liman da sauri, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Allah gafarta Malam, a ja mana Fatiha mai kauri, yarinyar nan ta ci jarrabawa!"