Wunin da Na Yi Ina Jiran Awara Ta Kwanta

Ba zan taɓa mantawa da wunin da na yi ina gadin baho ba, a shekarata ta farko a Tudun Wada. Ajinmu na matan aure a Islamiyya ne zai yi walimar sauka, aka zauna rabon girki. Wata ta ɗauki waina, wata zoɓo. Da aka zo kan awara sai aka yi shiru, ni kuwa ba na iya jin shiru a aikin lada, sai na ɗaga hannu (hannun nan ya sha jawo mini).

Alhali ban taɓa yin awara ba. A gidanmu a Kiru koko muka iya, awara kuwa a ƙofar makaranta nake saye, in barbaɗa yaji in wuce. Amma na ce a raina ai hanyar ɗaya ce: a jiƙa, a markaɗa, a tace, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Haka na tashi na ga Innarmu tana yi wa gasara.

Mai kula da girkin walimar Malama Rabi ce, wadda ta koya mana kimiyya a sakandare. Aiki ya kawo ta garin, muka sake haɗuwa a tabarma ɗaya muna biya hadda. Kullum sai ta nuna ni ga mata ta ce ga ɗalibarta nan. Ta ce da azahar za ta zo ɗaukar awarar, don da la'asar za a zauna.

Ranar walimar da sassafe na dawo daga markaɗe, sai maƙwabciyata Iya Kande ta miƙo mini galan ta kan katanga, ta ce ga na awarata, ta yi gaba tana saurin tafiya kasuwa. Na sunsuna, na ji ruwan saman gasara ne da ya yi tsami, wanda a gidanmu awaki ake ba wa. Na ji tausayin tsohuwa, na ce tsufa ya fara taɓa ta. Na yi mata addu'a, na juye shi a gindin zogale.

Na tace madarar waken a babban baho, na ja shi inuwar mangwaro, na zauna da carbi. Kai, ta yi kyau. Fara sol, kamar wata ɗan daren sha huɗu ya sauko tsakar gidana ya huta. Gajimare suna tafiya a hankali wajen duwatsun Doguwa, ganye yana faɗowa ina tarewa da tafi. Na lula cikin tunani, ina jin mata a walima suna tambayar wace ce ta yi wannan awara mai laushi haka, ni kuma ina sunkuyar da kai ina cewa yin Allah ne (har irin murmushin da zan yi na gwada).

Jifa-jifa in karkata bahon in duba. Fari daga sama har ƙasa. Na ce ƙila waken nan garin taurin kai gare shi. Na kori kaji. Har na leƙa ɗaya katangar na roƙi masu daka su sassauta, don girgizar ƙasa tana hana abina kwanciya.

A haka Malama Rabi ta yi sallama, ita da mata biyu riƙe da kuloli. Na taso da sanɗa, yatsana a kan leɓe.

"Malama, ku taka a hankali don Allah, ta kusa kwanciya."

"Wace ce ba lafiya?"

Na nuna baho. Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi murhuna da ko toka mai ɗumi babu. Ɗaya daga cikin matan ta cusa bakin hijabi a baki, kafaɗunta suna rawa.

"'Yar nan, tun yaushe kike zaune?"

"Tun hantsi, Malama."

"Ko za ki kai azumi mai zuwa, ba za ta kwanta ba."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta tuna mini ranar da ta jera kofuna a kan tebur a aji. Akwai abin da yake narkewa ya ɓace, kamar gishiri a ruwa, ba a ganinsa, rariya ba ta kama shi. Akwai wanda yake yawo ne kawai, kamar gasara ko ruwan rafi da damina, a ba shi lokaci ya sauka ƙasa. Akwai kuma na tsakiya, irin nono da madarar wake, ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙantar da ba sa nutsewa, kuma ba narkewa suka yi ba. Shi wannan sai ya tafasa an zuba masa tsami yake dunƙulewa. Na tuna ranar sarai. Ina bakin taga, ina kallon balbela tana bin shanu.

Sai ta tambayi ina ruwan tsamina. Na dai kalli zogale, su ma suka kalla. A nan ne matan suka daina ƙoƙarin riƙe dariya.

Muka hura wuta, muka jiƙa tsamiya. Da madarar ta tafaso aka zuba, sai ga ta tana haɗuwa curi-curi kamar hadari, ruwan yana washewa. Ko a cikin kunyar sai da na ce Subhanallah. Amma kafin a ƙulle ta a ƙyalle, a danne da dutse, ta tsane a soya, an shafa fatiha an watse. Walima ta tashi babu awara. Da magariba na bi gidajen 'yan ajinmu da kula, kowace ta karɓa ta ce a gaishe da mai jiki, da fatan ta samu ta kwanta.

An ce mahaƙurci mawadaci, kuma ban musa ba. Sai dai yanzu kafin in shimfiɗa tabarmar haƙuri nakan fara tambaya ko abin na jira ne ko na hura wuta.