Gama-Ɓera a Direk

"Ni Mansir? Wallahi kafin damina ta kama, babu wayar da za a kunna daga Zongo har Vêdoko ba a ga fuskata ba. Ɓerayen Kwatano su fara ɗaure kaya!"

Haka yake cika baki kullum a ƙofar butik ɗinsa, wato kantinsa, yana buga ƙirji kamar wanda ya ci gasar kokawa. Abokina, da ka gan shi da tabarau ba gilashi, ka rantse minista ne. Ya ce a riƙa kiransa Misye, wato Malam da Faransanci, mutanen Zongo kuwa harshe ya ƙi, suka mayar da shi Mushe.

Hajarsa maganin ɓera ne da ya haɗa da hannunsa, ya raɗa masa suna Gama-Ɓera. Kwalaye sun cika butik har rufi, mai saye babu, ga damina na tafe, rufin kuma na yoyo. Matarsa Dijatu ta ce, "Maigida, ka ɗauki tire ka zaga kasuwa mana."

"Tire? Ke ba ki san zamani ba. Yanzu direk ake shiga a waya, inda jama'a ke hira kai tsaye. Ka tsoma baki, a gan ka, a bi ka."

Ya fara da direk ɗin 'yan shanu, ana muhawara kan tsadar motar dabbobi daga arewa. Alhaji Ilu mai jagorancin hirar ya ba shi baki.

"Alhazai, ku bar zancen shanu! Wa ke da ɓera?"

"Wane ne wannan sakaran?" in ji Alhaji Ilu. Kafin Mansir ya ɗaga kwali an fitar da shi.

"Kin gani?" ya ce wa Dijatu. "Har sun fara tambayar ko ni wane ne."

Washegari ya faɗa direk ɗin Hajiya Safina. Bai tsaya jin kan zancen ba, alhali mata ne ke hirar yadda za a gyara wa miji girki. Ya tarar wata tana kuka: "Nawa dai duk abin da na ajiye sai ya buɗe ya taɓa, ya bar saura."

Mansir ya yi tsalle. "Hajiya, na san irinsu! Cokali ɗaya za ki barbaɗa masa a abinci. Kafin safiya kin same shi a miƙe, sai ki ja shi ta ƙafa ki yar a bola!"

Salati ya kaure. Safina ta ce, "Malam, mijinta fa take nufi!" Zagi ya yi ta sauka kamar ruwan ƙanƙara. Gogan naka ya leƙa waya ya washe baki: sunansa na yawo.

Surutun nan ya sa Wassiou, mai shirin tsaftar kasuwa da rabin gari ke kallo, ya gayyace shi. Mansir ya sha babbar riga, ya jingina waya, ya zauna gaban kwalayensa.

"Misye Mansir, maganin naka yana aiki kuwa?"

"Aiki? Ɓeran da ya ji ƙanshinsa sai ya bar wasiyya. Butik ɗin nan ko sawun ɓera babu!"

Nan take masu kallo suka fara ninkuwa, zukata na tashi a fuskar waya kamar fara. Mansir ya ji kansa ya kumbura, ya ƙara murya. Abin da bai sani ba, wani ƙaton ɓera mai sheƙi, wuya kamar na ɗan kwangila, ya hau kwalin da ke bayan kafaɗarsa, ya yage leda ya zauna yana ɗibar Gama-Ɓera hannu bibbiyu.

Wassiou ya share hawayen dariya. "Misye, wancan na bayanka ma'aikaci ne ko abokin ciniki?"

Mansir ya waiwaya. Suka haɗa ido. Ɓera ya ci gaba da tauna. Jarumin ɓeraye ya kurma ihu, "Dijatu!" ya ɗare kan benci, benci ya kife da shi, duniya na kallo.

Ya kwana biyu bai leƙo waje ba. Da ya daure ya buɗe butik, sai ga wani dattijo ya sauka daga zem, wato acaɓa.

"Kai ne mai Gama-Ɓera? Daga unguwar Sainte-Rita nake. Duk abin da ke butik ɗin nan nake so."

Mansir ya miƙe, ƙirji ya dawo. "Dijatu, fito ki ga aikin zamani! Baba, ɓeraye sun dame ka ke nan?"

"A'a, ɗana. Aguti nake kiwo, ɓerayen dajin nan da ake ci. Nawa duk sun rame. Na ga a direk yadda naka ya yi ƙiba."