Kikun Jiji Ya Ƙi Buɗewa

"Ina kwana, Jiji? Ya masu jiki?"

"Su wa ke nan?"

"Furanninka mana. Na ji an ce har yau ba su buɗe ido ba."

Abin da na tarar ke nan da na tsayar da motar kaya a ƙofar gidan mahaifina, Tokuji. Mai tsiyar kuwa 'yata ce, Chizuru, wadda ke ce masa Jiji, wato kaka. Ganye ya yi ja a duk garin Hirosaki, ranar ce kuma ake kai furen kiku lambun tsohuwar ganuwa don nunin shekara. Shekara talatin da ɗaya sunan tsohon nan bai taɓa fashi a rumfar gasa ba. Bana tukwanensa goma sha biyu duk sun dunƙule, ita kuwa tukunya ɗaya tilo ta Chizuru ta buɗe fure uku farare, kowanne ya kai kan jariri. Ban taɓa ganin kishi ƙiri-ƙiri a fuskar mutum haka ba, har ya ba ni tausayi.

"Wannan ne fure?" in ji shi, yana zagaya tukunyarta. "Na ɗauka kabeji kika kawo a yi miya."

"Kabejin dai ya buɗe. Naka fa? Sai ka ce ƙwan da kaza ta gudu ta bari."

"Nawa masu aji ne, ba sa buɗe baki gaban kowa. Naki ke ya gado, tun asuba baki a wangale."

"To a gaya wa alƙalai su dawo watan gobe, masu aji suna barci."

"Ke, irin wa kika dasa? Ba ni na ba ki ba?"

"Ka ba ni? A kwandon shara na tsinta! Cewa ka yi ya fi ni rama."

"Hannuna ya taɓa shi, shi ya sa ya yi albarka."

"Ai ga sha biyu nan da hannunka ke taɓawa safe da yamma."

Tsohon ya yi tarin ƙarya. "Wani abu kika zuba masa. Faɗi gaskiya."

"Me zan zuba? Takin ma ka kulle, ka rataya makulli a wuya. Ka kuma kori tukunyata bayan ɗakin ajiya, wai kada ta ɓata wa naka layi."

Kowa a garin nan ya san kiku ba ya buɗewa sai ya sha dogon duhu ba yankewa. Mahaifina ne ma ya koya wa rabin unguwa haka. Amma tun bazara ya sa wa ransa cewa maƙwabcinsa Genzo, abokin hamayyarsa, yana leƙowa ta katanga yana satar fasaha. Sai ya kafa fitila mai kunna kanta da zarar abu ya gifta, daidai saman tukwanensa.

"Jiji, ɓarawo nawa fitilarka ta kama?"

"Ai tsoronta ya hana su zuwa."

"Kyanwar Genzo dai take kamawa, sau ashirin kafin gari ya waye. Furanninka har yau suna zaton bazara ake. Nawa kuwa a duhun da ka jefa shi ya yi barci ya ƙoshi. Na gode ƙwarai."

Tsohon ya riga ya gane haka tun makonni biyu, girman kai ne ya hana shi faɗa. Chizuru ta dube shi, sai jikinta ya yi sanyi. Ta ciro farin kati daga aljihu.

"Ga katin suna, ban rubuta komai ba. Irin ai naka ne. Sa sunanka, shekara talatin da biyu ta cika. Ba wanda zai sani."

Ya karɓa, ya daɗe yana kallonsa. Na san ransa ya biya matuƙa.

"Wa ya yi ta tsinke ƙananan toho da yatsa duk bazara?"

"Ni."

"Wa ya ɗaure karan nan?"

"Ni."

"To ni zan sa sunana a kan karkataccen ɗaurin nan, gari ya yi mini dariya? Miƙo mini tawada."

Ya rubuta sunanta manya-manya, har ya kusa fita daga katin. Sannan ya tuɓe shuɗiyar rigarsa ta ƙungiyar masu kiku, ya yafa mata.

"Jiji, warin tsufa take."

Ya fashe da dariya, har da ƙwalla. "Za ki saba. Matsa, ɗan dako zai ɗauki kayan uwar ɗakinsa."

Ya ƙi shiga gaban mota. A baya ya zauna rungume da tukunyar, kada iska ta taɓa furen. Muna zuwa daidai gidan maƙwabci ya buga rufin motar na taka birki, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Genzo! Fito ka ga fure! Na jikata ne!"