Ranar da na nemi kumfa a wiski

Ko na manta komai, ba zan manta da satina na farko a otel ɗin Tanti Rabi da ke Dogon Dutsi ba. Gwaji ta ɗauke ni: in na iya tarbar baƙi in zauna, in ban iya ba in koma Gecheme in ci gaba da noman gero. Ni kuwa abin da nake taƙama da shi a duniya shi ne dafa shayi. A fadarmu ta samari, inda muke zaman shayi, ba wanda ya kai ni tada kumfa (har yau ina faɗa, ba na jin kunya).

Wata la'asar wani dattijon injiniya ɗan Benin ya dawo daga aikin rijiyoyi a Ɗan Kassari. Ya miƙo mini kwalbarsa ta wiski, ya ce in zuba masa. Ban taɓa sha ba, ban taɓa ganin an zuba ba. Amma tambaya? Ina! Ai sai a ce baƙauye ne.

Na duba abin, launinsa sak shayin farko. Na ɗauko 'yan kofunan shayi biyu, na cika ɗaya, na ɗaga hannu sama na tsiyaya a ɗayan. Babu kumfa. Na ƙara ɗagawa. Babu. Na yi ta juyawa daga wannan zuwa wancan, gumi na keto mini, rabin abin ya ƙare a tire da hannun rigata. Injiniya ya saki baki yana kallona. A raina na ce gwaninta ce ta burge shi.

Sai ga Tanti Rabi. Kallo ɗaya ta yi ta gane komai, ni ma daga idonta na gane na yi ɓarna. Na fara ganin kaina a bayan motar Gecheme.

Ba ta yi tsawa ba. Ta ce wa baƙon, "Misye, ka yi haƙuri. Wanga hannu na shayi ne, kuma duk Arewa babu irinai. Sai ka ɗanɗana tukuna."

Ta miƙa hannu tsakiyar tebur ta ɗauki wani gajeren kofi mai faɗin baki, ta zazzage tsinken sakacen da ke ciki (ni na zuba su da safe, na ɗauka amfaninsa ke nan). Ta wanke, ta goge.

"Ɗana, duba nan. Gindinai da kauri don kada zafin hannu ya taɓa abin. Bakinai da faɗi don ƙanƙara ta shiga, hanci ya ji ƙamshi. Kaɗan aka zubawa, kuma ba a ɗaga hannu."

Matar nan ko ɗigo ba ta taɓa kaiwa bakinta ba, amma ta san kofin kowane baƙo. Na ji kunya, na kuma ji girmanta ya cika mini ido.

Bayan nan ta sa na dafa shayi a gaban injiniyan. Ya sha na farko har na uku, yana dariya yana nuna kumfa. Washegari ba ta kore ni ba, ba ta kuma ƙara tada maganar ba.

Yanzu ko ruwan sanyi baƙo ya nema, sai na tambaya a wane kofi. Hannun nan kuwa, in ba butar shayi na riƙe ba, ba ya tashi sama da tebur.