Ranar da Na Nuna wa Lantarki Yanke

Ba zan taɓa mantawa da bikin yayata Hajara ba, ko da zan yi shekarun bishiyar kuka. Na dawo Wudil hutu daga makarantar Midil da buri guda: a daina kirana Ɗan Firit, a koma kirana Injiniya.

Dalili kuwa, malaminmu ya koya mana haɗa ƙwan lantarki. Ya ce ko ka jera su a waya ɗaya kamar jakuna a igiya, su raba ƙarfin wutar, ko ka ba kowane ƙwai tasa hanyar, yadda ake ba kowane kwami ruwansa a lambun bakin kogi. (Daga nan ban ƙara jin komai ba, ina fama da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin tebur.)

Kawu Sale direba ya ara mini batirin lorinsa da ƙwayayen fitilar mota. Na sa aka kwashe duk wata aci-bal-bal da ke tsakar gida.

"Kai Ɗan Firit, bar mana ko ɗaya," in ji Gwaggo Asabe.

Na ce, "Haba Gwaggo, a Kano ko akuya ba ta kwana da aci-bal-bal."

Bayan magariba dangin ango suka iso daga Utai, suka cika tabarmi. Na fito cikin babbar rigar Baba tana share ƙasa, na yi gyaran murya, na haɗa waya. Ashe jerin jakuna na yi. Ƙwayayen suka ɗan yi ja kamar idon kyanwa mai mura.

Wata tsohuwa daga cikin baƙi ta ce, "Ɗan nan, kunna mana mu gani."

"Ai an kunna, Iya."

"To, Allah ya ba ta lafiya."

Sai na tuna malam ya ambaci "wata hanya". Na ɗauko guntuwar waya na ɗora daga wannan kan batir zuwa wancan, ba ƙwai ba komai a tsakani. Wuta ta ga yanke, ta watsar da ƙwayayena ta bi can gaba ɗaya. Tartsatsi ya tashi, waya ta yi jawur, hannun rigar Baba ya soma hayaƙi. Na daka tsalle (waɗanda suka gani sun rantse na wuce katanga), na dira da ƙafa ɗaya cikin ƙwaryar furar baƙi. A cikin duhun nan, a gaban duk ƙawayen amarya, ni ɗan Midil na kwarma ihu, "Inna!"

Gwaggo Asabe ta fito da aci-bal-bal ɗin da ta ɓoye a bayan randa, ta haska fuskata, ta ce, "Ga Injiniya nan, ku gaisa."

Washegari lorin ya ƙi tashi, Kawu ya sa ni a sahun masu turi har bakin kasuwa.

Burina dai ya cika rabi, don an daina ce mini Ɗan Firit. Yanzu har akuyoyin Utai sun san ni da Tartsatsi. Na kuma gane cewa ni da lantarki halinmu ɗaya: in muka ga yanke, ba ma tsayawa mu ji ƙarshen darasi.