Kuɗin Gani da Ido

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, aka cuce ni, ni Malam Haladu Gambo, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana shaƙar ƙurar alli. Ofishin fansho ne suka ce kowane tsoho ya kawo takardar rantsuwa cewa yana raye kafin Juma'a, in ba haka ba su tsayar da kuɗinsa. Ban san yaushe numfashi ya daina zama shaida ba, amma na tafi wurin wani lauya mai buga hatimi a bayan tashar mota.

Na same shi ya duƙufa a kan waya yana kallon ƙwallo. Na yi sallama, ya amsa wa wayar. Ya miƙo hannu, ya karɓi takardar, ya danna mata hatimi, ya ce, "Dubu biyar, Baba."

A bangon bayansa kuwa ga sanarwar hukuma an liƙa, kalanda ta rufe rabinta. Idona bai mutu ba. Na ce, "Barista, can an rubuta ɗari biyar. An kuma rubuta cewa doka ta hana a ƙara ko sisi."

"Wannan kuɗin rantsuwa ne kawai," in ji shi, idonsa na kan ƙwallo. "Takardarka ta ce ka bayyana a gabana, na gan ka da rai. Sauran kuɗin gani da ido ne."

Kuɗin maganin hawan jinina ne, amma Juma'a ta matso. Na biya. Na nemi rasit, ya ce littafin ya ƙare.

Da na miƙa takardar a ofishin fansho, sai na koma wurin lauyan ranar Litinin da babbar rigata da sandata. Ofishin cike yake da mutane, tsofaffi irina a jere kan benci, kowa da takardarsa a hannu. Na tsaya a tsakiya yadda nake tsayawa a gaban aji.

Na ce, "Barista, abu biyu ya kawo ni. Ka maido mini dubu huɗu da ɗari biyar. Sannan ka shiga rediyo ka ba ni haƙuri, da sunana cikakke."

A karon farko ya ɗago kai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi mutanen benci, ya gyara kwat.

"Baba, kana da rasit?"

"Ka ce littafin ya ƙare."

"To ka yi haƙuri, ina jin ɓatan hanya ka yi. Ni wallahi ban taɓa ganinka ba sai yau."

Na ce, "Madalla, jama'a kun ji. Haka nake so ka maimaita a rediyo. Yanzu miƙo kuɗin ganin."