Rasuwar Majigin Ɗakin Zane

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Mikail Ba'ana, mai kula da ɗakin karatun binciken zane-zane na jami'a, yake sanar da rasuwar Majigi, ranar Alhamis bayan la'asar. Ya bar shi da tambayar da ya kasa amsawa: wa ya fi laifi, wanda ya kashe haske a fuskar tsohuwa, ko wanda ya bar fitila ta ƙone?

Marigayin ya shekara talatin da ɗaya yana haska ƙananan hotunan filim a farin bango: zanen ƙwarya, zanen lalle, adon bangayen ƙauyukan Borno. Bai taɓa tambayar kowa katin ɗalibi ba. Maganarsa biyu ce, gurnanin fanka da "ƙwas" idan hoto ya sauka.

Likitansa, Ajimi mai gyaran rediyo a unguwar Shehuri, ya daɗe da gargaɗi. Bayan kowane minti ashirin na aiki a bar shi ya huce, domin ƙwan fitilar nan shi ne na ƙarshe, an daina ƙera irinsa. Mikail ya kiyaye har ranar da wata ɗaliba ta kawo kakarta, Ya Kaltum, wadda rikici ya koro zuwa Dusuman. Hoto na sha bakwai bangon ɗakin mahaifiyar Ya Kaltum ne, a ƙauyen da aka ƙone. Tsohuwar ta tashi ta ɗora tafin hannunta a kan hasken. Sau uku Mikail ya dubi agogo, sau uku ya kau da kai. Bayan awa ɗaya aka ji "tas", sai duhu, sai ƙauri.

Ya rasu ya bar akwati tara na hotuna, waɗanda launinsu ke komawa ja kowace bazara, babu mai haska su. Ya bar Malama Kezia, abokiyar aikin Mikail, wadda ta shekara biyu tana roƙon ta kwafe su a kwamfuta, Mikail yana hanawa, wai amana ba ta fita daga ɗaki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma. Za a mayar da marigayin kwalinsa, a ɗora a saman kabad. Daga nan Mikail zai miƙa wa Malama Kezia makullin akwatunan. Da hoton nan na sha bakwai za a fara kwafar, in zafi ya bar wani abu a jikinsa. Har yanzu Mikail bai iya dubawa ba.